Idan an kulle coci, ina Allah yake kwana? Yadda nake koya wa yara

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina naɗe tabarmin yara, mai gadi kuma yana zagayawa yana rufe tagogi. Wani yaro ɗan shekara 6 da ke ajina ya tsaya yana kallonsa har ya ja ƙofa ya danna kwaɗo. Sai yaron ya juyo ya kama bakin zanina ya ce, "Malama, yanzu Allah shi kaɗai zai zauna a ciki har wata Lahadin? Wa zai kai masa abinci?"

Na yi dariya a lokacin, amma kafin in isa gida jikina ya yi sanyi. Ai ba daga sama yaron ya tsinto maganar ba. Ni ce kullum bakina ba ya rabuwa da "ku yi shiru, nan gidan Allah ne", da "kada ku ɓare gyaɗa a gidan Allah". Shi kuwa abin da ya sani da gida shi ne inda mutum ke kwana, a sa sakata da dare. Abin da na shuka ne ya tsiro.

Daga ranar na sake yadda nake ɗaukar wannan darasi a makarantar Lahadi. Ga yadda nake yi da 'yan shekara 5 zuwa 11, cikin Lahadi shida ko bakwai, da kayan da ba sa cin ko sisi. Iyaye ma za su iya yin mafi yawansa a tsakar gida.

Ku fara gyara bakinku

Kalmomi huɗu muke jujjuyawa kamar abu ɗaya ne: coci, majami'a, haikali, ikkilisiya. Ga yara ina raba su. Coci ko majami'a shi ne ginin da muke shiga. Haikali shi ne wanda aka gina a Urushalima, inda ake miƙa hadayar dabbobi, kuma babu shi yanzu. Ikkilisiya kuwa mutane ne. Kalmar daga Helenanci ta zo, ma'anarta taron jama'ar da aka kira. Ina tambayarsu, "Coci yana jin yunwa?" Su ce a'a. "Ikkilisiya fa?" Su yi shiru, sai wani ya shafa cikinsa ya ce, "Tana ji, Malama." To, ya gane.

Ban daina cewa "gidan Allah" gaba ɗaya ba, domin maganar tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma za su ji ta a bakin fasto da cikin waƙoƙi. Sai dai duk lokacin da na faɗa ina ƙara mata wutsiya: gidan da muka keɓe domin mu taru mu yi wa Allah sujada.

Darasin farko a waje ake yinsa

Da, da gini nake farawa. Yanzu Lahadin farko ina fitar da su gindin bishiya, in ba su labaran mutanen da suka gamu da Allah inda babu bango babu rufi. Yakubu yana gudun ɗan'uwansa, dare ya yi masa a hanya, ya yi matashi da dutse, ya farka yana cewa ashe Ubangiji yana wurin nan shi bai sani ba (Farawa 28). Ina zuwa da dutse na gaske, kowane yaro ya ɗora kansa a kai ya ji. Hajaratu, baiwa mai ciki da ta gudu daga uwargijiyarta, mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓuga cikin jeji, ta kira Allah Mai Ganina (Farawa 16). Yunusa ya yi addu'a a cikin kifi. Bulus da Sila sun rera waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu.

Sai mu yi wasan ɓuya. Kowa ya faɗi inda zai ɓuya kada a gan shi: ƙarƙashin gado, cikin rumbu, bayan tulu, cikin jirgin sama, ƙasan rijiya. Kowane wuri aka ambata, sauran su amsa da ƙarfi, "Yana can!" Zabura 139 ke nan, tun ba su iya karanta ta ba. Aya ta 11 da 12 ita ce wadda nake so su tafi da ita gida, inda Dawuda yake cewa duhu ba duhu ba ne a wurin Allah, dare da rana ɗaya suke gare shi. Yaron da ke tsoron fita fitsari idan an ɗauke wuta, wannan ayar tasa ce.

A nan akwai ramin da mu manya muke yawan faɗawa. Mun mai da "Allah yana ganinka" bulala. Yaro ya sa hannu a tukunya, Allah yana ganinka. Ya tsame nama, Allah yana ganinka. Gaskiya ne yana gani, kuma ya kamata yaro ya san haka. Amma idan a wurin laifi kaɗai yake jin maganar, zai tashi yana ɗaukar Allah kamar ɗan sandan da ya laɓe a kwana. Hajaratu ba sata take yi ba lokacin da ta ce an gan ta. Tana cikin wahala ne, ba ta da kowa. Saboda haka ranar da yaro ya faɗi jarrabawa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ko aka yi masa ƙazafi a makaranta, ranar ce ta fi dacewa da ku ce masa, "Allah yana ganinka."

Alfarwar kara

Wannan ne darasin da yara ba sa mantawa, kuma shi ke cin Lahadi biyu. Gani ya kori ji.

Tun da mako ina aika su: wannan ya kawo karan dawa, wancan kwalin ashana, wata ta roƙo guntayen ƙyalle wajen tela, wani ya tara takardar alawa mai ruwan zinariya, da murfin kwalba, da tsinken tsintsiya. A kan tire ko faifai mu zuba yashi, shi ne jejin Sinai.

Kafin mu taɓa kara, muna awo. Littafin Fitowa da kamu ya ba da ma'aunin komai, kuma kamu abu ne da kakanninmu suka sani a wajen sayen ƙyalle: daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Farfajiyar alfarwar sujada da Isra'ilawa suka yi a jeji tsawonta kamu 100, faɗinta 50 (Fitowa 27:18). Ina kiran wani dattijo ya ba mu aron hannunsa, mu yanki kara daidai kamunsa, sai yara su auna filin coci da shi suna ƙirga da baki. Kusan mita 45 ke nan a tsaye, 22 da ɗoriya a kwance. Idan kowane yaro ya auna da nasa hannun rigima ce za ta tashi, domin kamun ɗan shekara 5 da na ɗan 11 ba ɗaya ba ne. Na taɓa barinsu suka yi, muka ɓata rabin awa ana musu.

Akwatin Alkawari kuwa kamu biyu da rabi ne tsawonsa, faɗi da tsayi kamu ɗaya da rabi (Fitowa 25:10). Yara suna zaton wani ƙaton abu ne kamar mota. Da na ce musu bai fi akwatin ƙarfen da yayyensu ke tafiya da shi makarantar kwana da wani abin kirki ba, sai su buɗe baki. Muna naɗe kwalin ashana da takardar alawa, mu soka tsinke biyu a gefe a matsayin sandunan ɗauka, mu sa tsakuwa biyu fale-fale a ciki, su ne allunan Dokoki Goma.

Sai mu kafa kara mu zagaye farfajiya, ƙofa ɗaya tak, tana duban gabas. Da shiga, bagaden hadaya. Gaba kaɗan, daron wanke hannu da ƙafa na firistoci, murfin kwalba ke nan da ɗigon ruwa. Sannan alfarwar kanta mai ɗaki biyu. A na farko akwai alkuki mai fitila 7, da tebur mai gurasa 12, ɗaya domin kowace kabila, da bagaden turare. Sai labule. Bayan labulen, Wuri Mafi Tsarki, inda akwatin yake.

Idan an gama, kowa yana murna, sai in ce, "Girgije ya tashi! A kwashe!" Su yi ta ƙorafi. Amma haka Isra'ilawa suka yi: girgije yana kan alfarwa suna zaune, ya ɗaga su kama hanya, da dare kuma wuta ce a cikinsa (Fitowa 40:36-38). Yaranmu sun san wannan rayuwa, sun ga Fulani suna kwance bukka suna ɗora wa shanu. Sai in tambaye su, me ya sa Allah ya ce a yi masa abin da ake naɗewa? Ina barinsu su yi ta laluben amsa. Kusan kullum akwai wanda zai ce, "Don su ma a bukka suke." Ba na ƙara komai a kai. Abin da Fitowa 25:8 ta ce ke nan, a yi masa wuri domin ya zauna a tsakiyarsu.

Haikalin Sulemanu ba na daɗewa a kansa. Shekara 7 aka yi ana gininsa, tsawonsa kamu 60, faɗi 20, tsayi 30, wato akwai coci-coci da yawa a garuruwanmu da suka fi shi faɗi. Abu ɗaya nake so su riƙe: ranar keɓewa, mutumin da ya gina shi da kansa ya ɗaga hannu ya ce sama da saman sammai ma ba za su ɗauki Allah ba, balle wannan ɗaki da ya gina (1 Sarakuna 8:27). Amsar yaron nan mai tambayar kwaɗo tana nan, tun daga bakin Sulemanu.

Ranar yaga zani

Ku nemi tsohon zani wanda ya ga duniya, ku ɗan tsaga bakinsa na sama da almakashi tun a gida, in ba haka ba za ku ji kunya a gaban yara kuna ta ja ya ƙi yagewa. Ni na ji.

Yara biyu masu tsayi su hau benci su riƙe shi a ƙofar aji. A bayansa a ajiye akwatin ashana. Ku bayyana musu cewa mutum ɗaya ne kaɗai ke wuce labulen nan, babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, kuma ba ya shiga sai da jinin hadaya (Littafin Firistoci 16). Kowane yaro ya zo ya tsaya a gaban zanin, ku ce masa, "Tsaya nan, ba a wucewa." Har ke Malama ba ki wucewa, har sarki. Sannan ku ba da labarin Jumma'ar da aka gicciye Yesu, a hankali, ba ihu. Idan kun kai inda ya saki ransa, ku kama zanin daga sama ku ja har ƙasa, kamar yadda labulen haikali ya yage a lokacin (Matiyu 27:51).

Ƙarar yagewar tana yin abin da bayani ba ya yi. Ajin da ba ya shiru sai ya yi tsit. Sai ku ce, "Ku shigo." Su bi ta tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara wata yarinya ta tsaya a bakin yagaggen zanin ta ƙi wucewa, ta ce, "Malama, wa zai biya?" Zanin take nufi. Na ce mata, "An riga an biya, 'yata, wuce."

Ku shiga da su coci ranar da babu kowa

Sai bayan duk wannan nake kawo su ga namu ginin. Asabar da yamma ta fi, lokacin da mata ke shara. Ranar Lahadi yaro ba ya ganin komai sai bayan manya. Ranar Asabar kuwa zai hau mumbari ya leƙa ya ga yadda fasto ke ganin jama'a. Zai ɗaga babban Littafi Mai Tsarki ya ji nauyinsa, ku gaya masa tun 1932 aka fara buga shi cikakke da Hausa. Zai taɓa teburin Jibin Ubangiji, da kwandon baiko, da gangar mawaƙa, da tulun da Zumuntar Mata ke bugawa. A kowane abu tambaya ɗaya ce: wannan me ake yi da shi? Kuma kowace amsa tana komawa kan mutane, masu ji, masu ci, masu bayarwa, masu rerawa. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiya, ina ba kowa dama ya buga sau ɗaya, bayan na gargaɗi maƙwabta.

A nan nake koya musu ladabi, da dalilinsa. Ba ma guje-guje lokacin addu'a domin akwai mai magana da Allah a kusa da mu. Ba ma zubar da ɓawon gyaɗa domin iyayenmu ne ke durƙusawa su share. Ba ma zane a bango domin da kuɗin baikon kaka aka sayi fenti. Yaro yana gane irin wannan dalili fiye da "Allah zai yi fushi". Ni dai ban yarda da dattijon da ke yawo da tsumagiya tsakanin benci yana zabgar mai gyangyaɗi ba. Sama'ila ma a kwance yake a ɗakin Ubangiji da dare lokacin da aka kira sunansa, kuma firist Eli bai doke shi ba, koya masa ya yi abin da zai amsa.

Ina kuma ba su labarin gidajen sujada iri-iri, don kada su ɗauka sai mai gilashi da fanka ne na gaske. Masu bi na farko a gidajen mutane suke taruwa, kamar gidan Akila da matarsa Bilkisu (Romawa 16:5). A Filibi bakin kogi mata ke zuwa addu'a, can Bulus ya sami Lidiya. A Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, gindin tsamiya aka yi sujadar farko a watan Maris na 1923, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa ta samo tushe. A Wusasa kusa da Zariya akwai tsohon cocin Anglikan da aka gina da ƙasa, irin ginin Hausawa. Wanda ke kusa ya kai yara su gani.

Tambayoyi biyu masu nauyi

A ƙasarmu akwai yaran da suka ga cocinsu ya zama toka. Wasu sun zo ajina bayan iyayensu sun gudo daga arewa maso gabas a 2014. Irin wannan yaro idan ya tambaya ko Allah ya ƙone, ba wasa yake yi ba. Kada ku yi masa dogon wa'azi. Ina gaya masa cewa haikalin Sulemanu ma sojojin Babila sun ƙone shi, mutanen Allah suka yi kuka, kuma kukan ba laifi ba ne. Da suka dawo aka sa harsashin sabo, tsofaffin da suka san na farko suka fashe da kuka, matasa suna sowa, har ba a iya bambanta kuka da murna (Ezra 3:12-13). Wancan na biyun ma Romawa suka rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Sai in tambaye shi, "A inda kuka kwana a hanya, Mama ta yi addu'a?" Ya ce ta yi. "To wa take yi wa magana?" In bar shi a nan. Ba na barin maganar ta koma kan su wane ne suka ƙona, a gaban yara.

Ta biyu ita ce ta maƙwabta. Yaranmu da 'ya'yan Musulmi suke wasa, rijiya ɗaya suke ɗiba. Za su tambaya me ya sa abokinsu ke cire takalmi a ƙofar masallaci mu ba ma cirewa. Ina ce musu Musa ma an ce ya tuɓe takalminsa a gaban kurmin da ke cin wuta, kuma kowace jama'a tana da yadda take nuna girmamawa. Abin da muka gaskata game da Yesu ya bambanta da nasu, ina faɗa musu haka a fili. Amma wanda ya wuce masallaci ana salla yana buga gwangwani, ko ya bi ta gaban mai salla da gangan, da ni zai gamu kafin ya gamu da babansa.

To me ya sa za mu zo?

Ku shirya wa wannan, domin idan darasin ya shiga, dole ta fito. Yaron nan mai kwaɗo ne ya kawo ta, bayan wata biyu: "Malama, tunda yana gidanmu ma, me ya sa Mama ke tashe mu da sassafe mu yi wanka da ruwan sanyi?"

Ina da ayoyi. Yesu da kansa yakan shiga majami'ar Yahudawa ran Asabar, al'adarsa ce (Luka 4:16). Ya yi alkawari inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu (Matiyu 18:20). Inda Bulus ya ce ku haikalin Allah ne, a 1 Korintiyawa 3:16, da "ku" ya yi magana, jama'a yake nufi, kuma Hausa tana nuna wannan sarai tunda ta raba "kai" da "ku". Manyan aji sukan ji daɗin gano wannan da kansu idan aka ba su Littafin su duba.

Amma ga ƙanana waƙa ce ke aiki. Ina zaɓar mai murya in ce ya ba da waƙar da kowa ya sani, irin mai bayarwa da amshi. Sauran na riga na raɗa musu kada kowa ya amsa. Ya ba da baiti, shiru. Ya sake, shiru. Ya fara waige-waige, murya ta soma rawa. A karo na uku in ɗaga hannu, aji duka ya ɗauka da tafi, har na bayan taga su leƙo.

Yaron nan mai kwaɗo na sa ya ba da waƙar a ranar. Da aka gama na ce, "Wanne ya fi?" Bai amsa ba, yana ta dariya. Da za a tashi na karɓi kwaɗon daga hannun mai gadi na miƙa masa. Ya yi ɗage ya danna shi da hannu biyu, ya ja ya tabbatar ya kama, sannan ya ruga ya cim ma mamarsa a bakin hanya.